Ciwon Haƙori Ba Abin Wasa Ba Ne

Aikin katikis ya kai ni Salaga da Yendi da Bawku, kuma cikin ziyarar marasa lafiya na sha ganin mai kumburarren kumatu yana cewa tsutsa ce ke cin haƙorinsa. 'Yan'uwa, babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne suke huda haƙori har su kashe jijiyarsa, sa'an nan mugunya ta taru a gindinsa.

Wani lokaci zafin yakan lafa, mutum ya ɗauka ya warke. Alhali kuwa a ƙarshen saiwar mataccen haƙorin wata 'yar jaka mai ruwa tana girma a hankali, tana cin ƙashin muƙamuƙi. Sau da yawa sai da hoton ƙashi ake ganinta. Shi ya sa likita ba ya tsayawa ga cire haƙorin kaɗai. Yakan yi allurar kashe zafi, ya cire, ya kankare jakar daga ramin, ya wanke. In an bar ta, tana iya ci gaba da girma.

A wani zango na raka wani dattijo asibiti bayan wanzami ya cire masa haƙori, saiwar ta karye a ciki. Kafin kwana uku kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓarsa, miyau ma ya gagara haɗiyewa. Sai da aka tsaga wurin aka fitar da mugunya, aka yi masa allurai, kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Irin wannan kumburi yakan toshe numfashi, ya yi kisa.

Da yawa kuɗi suke tsoro. To, tun shekarar 2003 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasar Gana, kuma cire haƙori da fitar da mugunya suna cikin abin da ta ɗauka. Akwai asibitin Presbyterian a Bawku, da na gwamnati a Yendi da Salaga, abin da ya fi ƙarfinsu su tura babban asibitin Tamale.

Kanumfari yana rage zafi, amma ba ya warkarwa. In an cire maka haƙori, ka ciji auduga kamar rabin sa'a, kada ka kurkure baki ran nan. Washegari ka fara da ruwan ɗumi da gishiri. In zazzaɓi ya zo, ko baki ya ƙi buɗuwa, a yi addu'a a kan hanya, kada a bari gari ya waye.