Sai Da Ruwan Ciki A Ke Jan Na Rijiya

Mu da muka tashi a kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, muna da 'yar magana da 'yan makaranta. Mun lura duk sa'ad da jarrabawa ta gabato, sai yaro ya ɗaura yaƙi da jikinsa. Ya hana shi wasa, ya hana shi barci, ya kwana gaban fitila yana cin goro, wani ma har ya kai ga shan ƙwaya, wai don idonsa ya bushe. Ba a jimawa sai ka ji yana kukan kansa na zafi, idonsa na hazo, ya karanta layi sau uku bai san abin da ya karanta ba.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne. Tun cikin 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya ba da labarinsa wajen ɗaliban kudancin Nijeriya, a kan kira shi gajiyar ƙwaƙwalwa. Ku sani ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kusan kashi 20 na ƙarfin jikin ita ke ci. Jini ke kai mata abinci, motsi ke gaggauta jini, barci kuwa shi ke adana abin da aka koya da rana. Wanda ya tauye waɗannan, ashe karatunsa ya ke tauyewa.

To, iyayenmu ba su san lissafin nan ba, amma sun san aikinsa. Mun ga gayya a gonakin dawa da masara, tun daga wajen Tiga har gindin duwatsun Riruwai. Makaɗi na buga gangar noma, samari sun jeru, garma na sauka tare da kiɗa, numfashi na bin garma. Ga zufa, ga dariya, ga kirari. Da yamma kowa ya koma gida a gajiye tilis, amma zuciya wasai, barci kuwa ba sai an roƙe shi ba. Haka langa da kokawa ke yi wa maza da kaka, haka gaɗa ke yi wa 'yan mata a dandali. Cikin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami kamar minti 60 na motsa jiki kowace rana. Abin da dandali ya ke bayarwa ke nan kyauta.

Sauran rabin maganin natsuwa ce. Mutanen Indiya suna da tasu hanya, watau yoga, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata 21 ga Yuni cikin 2014. Mu kuwa mun taso muna ganin dattijo bayan sallar asuba, ya zauna bisa buzu, ya runtse ido, yana jan carbi sannu a hankali. Ladarsa tana wurin Allah, amma jiki ma da rabonsa, gama numfashi in ya yi tsawo, bugun zuciya sai ya lafa, fargaba ta ragu.

Saboda haka ga shawararmu. In karatu ya cushe, ku rufe littafi, ku fita ku taka ƙasa. In tsoro ya kama ku a ɗakin jarrabawa, ku ja numfashi ku sake shi sannu, kamar sau 6 cikin minti guda, kafin ku ɗauki alƙalami. Ku ba dare hakkinsa, awa 8 ko fiye. In ciwon kai ya ƙi tafiya, ku gaya wa malaminku, a kai ku asibiti, ba abin kunya ba ne. Kada kuma ɗan makaranta ya ga ya fi ƙarfin fartanya ran hutu.

Allah Ya ba mu lafiyar jiki da ta hankali, amin.