Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata Da Ta Buɗe Ofishin Lauyoyi

Jidda, Saudiyya.

Ƙanwata,

Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Ya ƙarfin jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan ƙalau muke, sai zafi da gumin bakin teku.

Na yi murna da jin kin kama ofis, har kin ɗauki ƙananan lauyoyi biyu da sakatariya. Allah Ya sanya albarka. Kin tambayi abin da ke riƙe ma'aikata a ɗan ofishinmu, alhali manyan kamfanonin lauyoyi na waje, da aka fara bai wa lasisi a nan a 2023, suna zawarcin matasa da albashi mai tsoka. Ba wani sirri ba ne. Haƙƙin kowa a rubuce yake, kuma babu mai tsoron kai wa shugaba labari marar daɗi.

Ki fara da kuɗi. Kada ki sallami yaranki da zancen "ai mu 'yan gida ɗaya ne", don a gida ne ƙarami ya fi jin nauyin tambayar haƙƙinsa. A nan dokar ƙwadago ta yanke magana: awa 8 a rana ko 48 a mako, da azumi kuma awa 6 ga Musulmi. Wanda ya zarce lokaci, a biya shi awarsa da ƙarin rabi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar. Tun 2013 aka kawo tsarin biyan albashi ta banki yadda hukuma za ta ga wanda ya yi jinkiri, aka fara da manyan kamfanoni har aka gangaro kan ƙanana irin namu. Ke a Kano ba wanda zai leƙa asusunki, saboda haka ke za ki ɗaure kanki. Ki tsayar da ranar albashi, ko kuɗin shari'a ya shigo ko bai shigo ba. Kuɗin Adaidaita zuwa kotun Miller Road ko Nomansland kuwa daga ofis zai fito, ba daga aljihun yaro ba.

Sai maganar tsoro, wadda ta fi damuna. Aikinmu aikin wa'adi ne. A nan kwana 30 ake bayarwa don ɗaukaka ƙara, kuma ta shafin Najiz na Ma'aikatar Shari'a ake shigar da takardu, shi kuwa ba ya jin magiya. Makonmu ran Lahadi yake farawa, tun da aka mayar da hutu Juma'a da Asabar a 2013. To, duk safiyar Lahadi mukan zauna. Mudir, wato shugaban ofishinmu, da kansa yake zuba gahawa a 'yan ƙananan kofuna, ga dabino a faranti, ga allo an jera ranakun kotu. Ƙarami shi ke fara magana, don idan babba ya riga shi, sai dai ya ce "haka ne". Wata Lahadi wani yaro mai koyon aiki ya ce, murya na rawa, ya yi kuskuren lissafin wa'adi, saura kwana biyu. Mudir ya ajiye butar, ya tambaye shi abin da ya rage da wanda zai taya shi. Kafin la'asar an shigar da takarda. Faɗan ya zo daga baya, su biyu, ƙofa a rufe. Da an saba tozarta shi a gaban mutane, da ya yi shiru, wanda muke wakilta ya rasa haƙƙinsa, ofis ya rasa sunansa.

Ki kuma kula da waya. Aiki yanzu yana bin mutum har gado. Mu bayan Isha ba a tura saƙon aiki a WhatsApp, sai in an tsare wani ko wa'adi ya ƙure. Mudir ne ya fi kowa kiyaye wannan ƙa'ida, shi ya sa ta zauna.

Akwai abin da ke kin fi ni sani, wato halin da mata ke ciki a wurin aiki. Sai a 2013 mata suka fara samun lasisin lauya a ƙasar nan, a farkon 2014 kuma Bayan Al-Zahran ta buɗe ofishin lauyoyi mata na farko, a nan Jidda. A 2018 aka yi dokar hukunta masu cin zarafi da tsangwama. Amma a ofishin mutum biyar, mace za ta kai ƙara wurin wa, idan wanda ya dame ta abokin shugaba ne, ko mai kawo shari'a mai kuɗi? Ki nemi wata babbar lauya a waje da ofis wadda yaranki za su iya kai wa kuka, ki sanar da su tun ranar farko. Duk wanda ya daka wa sakatariyarki tsawa, ki fito ki taka masa burki a gabanta, ko da shi ke biyan hayar ofis.

Kada ki mayar da su 'yan ɗaukar jaka. Ki bar su su miƙe gaban alƙali a ƙananan buƙatu, ki sa sunan wanda ya rubuta takarda a jikinta. Wata rana za su tafi su buɗe nasu, ki sallame su da daɗi, su ne za su riƙa turo miki aiki.

Ki turo min takardar ɗaukar aikin da kika tsara in duba kafin su sa hannu. Akwai dabino da zamzam na Hajiya, zan bayar da masu dawowa daga Umra. Ki gaishe ta, ki gaida maigidan da yara da duk mutanen gida.

Wassalam.

Yayanki.