Ditiroyit, Garin Motoci

Masu karatu, a wannan wata za mu leƙa Ditiroyit, a jihar Mishigan ta Amurka. Faransawa ne suka kafa garin a 1701, a bakin kogi. In ka tsaya a gaɓar kogin kana hangen Kanada a ƙetare. A unguwannin da ke kewaye da garin ne Henry Ford ya soma harhaɗa motoci bisa layi a 1913. A 1950 mutanen garin sun haura miliyan 1 da dubu 800, amma a ƙidayar 2020 ba su kai dubu 700 ba, gama masana'antu da yawa sun tashi. Wata dabara da aka gano a can kuwa tana nan da ranta.

Ga yadda ta samu. A 1934 kamfanin Chrysler yana aika sababbin motoci Kalifoniya a jirgin ƙasa. Da sun isa sai a ji boris na ƙafa yana ƙara, ga shi kuwa motar ba ta ko taka hanya ba. Da injiniyoyi suka bincika, sai suka tarar dutsen wasa mai gudu da zafi yakan bar wa ƙarfe wata 'yar fata marar ƙarfi. Ido yana ganin ƙyalli, amma jijjigar jirgi takan lotsa ta.

Maganin bai zama na ƙarfi ba. Sai a ɗaura ƙarfen a injin sassaƙar ƙarfe, yana juyawa sannu. A ɗora masa ɗan dutse mai laushi, yana kai da komowa da sauri, ba dannawa sosai, ana zuba mai. Abin da yake cirewa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Da ƙarfen ya yi sumul, man yakan shiga tsakani, dutsen ya daina ci da kansa.

Iyaye, akwai abin lura a nan. Tsawa da bulala sukan sa yaro ya yi ladabin ganin ido, amma ran da ya bar gida, duniya ta jijjiga shi, sai ladabin ya lotsa. Horo cikin ƙauna, kullum kaɗan kaɗan, tare da addu'a, shi ne mai daɗewa. Haka Ubangiji Yesu yake yi da mu. Allah ya ba mu haƙurin yin haka a gidajenmu, amin.