Tayil Na Farko

 

Bara bayan kaka, mutanen ƙauyen kawuna da ke ƙaramar hukumar Ajingi suka tara kuɗin gero da gyaɗa domin a sa wa masallacinsu tayil. Da yake ni ne ɗan da ya karanci zanen gine-gine, sai kawu ya ce: "Ɗana, ka zana mana, ka kuma gaya mana kwali nawa za mu sayo daga Kano."

Na buɗe manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fara fitarwa a 1982. A cikinta akwai umarnin Hatch: ka nuna masa iyakar ɗaki, ka ba shi girman tayil da kusurwa da wurin farawa, shi kuwa ya cika sauran nan take. Na zaɓi tayil mai santimita 60, domin jeri biyu su ba da santimita 120, daidai sahu guda, na kuma sa baƙin layi a bakin kowane sahu. Na jera komai bisa bangon gaba, na ƙirga kwalaye, aka sayo. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗin kaina.

Ranar fara aiki, wani dattijo mai sa tayil ya zo daga Gaya. Bai taɓa siminti ba sai da ya ja igiya ya duba kamfas. Ya ce: "Yaro, zanenka ya yi kyau, amma bango ka bi, ba alƙibla ba."

Mu Hausawa mun saba cewa a fuskanci gabas, alhali daga wannan yanki alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa, wato ta karkata daga tsantsar gabas da kimanin digiri 22. Bangon masallacin ya kauce mata da digiri 5. A ido ba komai ba ne, amma a sahu mai tsawon mita 10 ya kai santimita 87. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba. Abin da na ba ta ne ta maimaita da aminci, tayil bayan tayil.

Liman ya kwantar mana da hankali cewa wanda ke nesa da Ka'aba fuskantar sashenta ya ishe shi, sallolin baya suna nan daram. Sai dai ya ce tunda an sani, a gyara. Juya zanen bai ɗauke ni minti biyu ba. Abin da ya yi mini nauyi shi ne tsayawa gaban manoma in ce lissafina bai cika ba, domin tayil ɗin gefe yanzu sai an yanka su a karkace, dole a ƙaro kwalaye. Zuciya ta raya mini in ɗora wa magina laifi. Na daure na ce: "Baba, ni ne ban auna ba." Kawu ya yi shiru, can ya sa hannu a aljihu.

Ya ɗan'uwa mai zane, ka auna wurin da kanka kafin ka zauna gaban kwamfuta, domin tayil na farko shi ne limamin sauran. Allah Ya daidaita mana sahu da zukata, amin.

Wassalamu alaikum.