Ɗan zogalen Jiratawa da muryarsa

Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. To, ciwon mai tsagaggiyar ganda kuwa, sai wanda ya taɓa buɗe baki aka yi masa dariya ya san zafinsa.

Akwai wani saurayi a Jiratawa mai kai zogale kasuwar Maraɗi. An haife shi da tsagewar leɓe da ganda, abin da ke samun jariri wajen 1 cikin 700 a duniya, tun cikin watanni 3 na farkon ciki. Ranar suna mata suka yi ta raɗa, wai aikin iskoki ne. Uwarsa ta sha wuya, domin in ya kama mama nonon ta hanci yake fitowa, sai da cokali ta raine shi.

Yana shekara 6 aka ɗinke leɓen, amma ramin ganda ya saura, haƙora biyu na gaba kuma ba su tsiro ba. A lakwal, duk sa'ad da mushe ya ce ya yi karatu, sai aji ya tuntsure da dariya. Ya ajiye allo. A kasuwa ma ƙanensa ke yi masa ciniki, shi kuwa yana tsaye kamar baƙo a kan kayansa.

Bara wani likitan haƙori ya auna bakinsa, ya ƙera masa marufin roba mai toshe ramin, da haƙora biyu a jikinsa. Da dare ya cire ya wanke, da safe ya mayar. Iska ta daina zurarewa ta hanci. Ranar da ya fara faɗin kuɗin buhu da bakinsa, mai saye bai ce "me ka ce?" ba. Ya koma gida ya gaya wa uwarsa, ta rasa abin cewa sai hawaye.

Jama'a, da an kai shi da wuri da bai rasa karatunsa ba. Leɓe ana ɗinke shi tun jariri na wata 3 zuwa 6, ganda kuwa wajen shekara 1. Asibitin yara na CURE a Yamai, wanda aka buɗe a 2010, yana wannan aiki, ƙungiyar Sentinelles ta Damagaram ma tana karɓar irin waɗannan yara. Sau da yawa kuɗin mota da guzuri ke tsare iyaye a ƙauye. Alhazan kasuwa da ma'aikata, ga wurin da zakka za ta sauka daidai.

Allah ya sa mu dace.