Tsohuwar Kwamfutata da Ƙurar Damargu

Shagona ɗan ƙarami ne a Belbeji, cibiyar ƙaramar hukumar Tarka. Sana'ata buga takardu: wasiƙar neman aiki, sunayen 'yan ƙungiyoyin mata da na makiyaya, takardun yara masu shirin BEPC. Duk wannan a kan kwamfutar tebur guda ɗaya nake yi, 'yar gwanjo mai Core 2 Duo, wadda na sayo a Damagaram jim kaɗan bayan an cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma a 2011.

A hunturun da ya wuce ta fara ba ni tsoro. In na kunna ta da safe, sai shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba. Da azahar ta yi ta gurnani, can sai ta mutu ba sallama. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kwanan wata: kullum sai ta koma shekarun baya, har wata rana na buga wa wani dattijo takarda da kwanan da ba shi ba, ya yi tafiya ya dawo a banza.

Ƙanena da ke karatu a jami'ar Damagaram ya ce, "Yaya, wannan ta gama yayinta, ka sayi laftof ka huta." Zuciyata ta karkata. Sai dai kuɗin laftof a wurina yana nufin buɗe rumbu, kuma duk ɗan yankinmu na Damargu ya san abin da ake nufi da sayar da gero bayan kaka, lokacin da kasuwa ta cika. Buhun da ka fitar a hunturu, kai ne za ka neme shi da tsada in damina ta yi tsakiya. Na kwana biyu ina wasi-wasi, sannan na naɗe kwamfutar cikin bargo na hau motar kasuwa.

Mai gyaran da aka kwatanta min kusa da Kasuwar Dole bai fara da kwance ta ba. Tambaya ya yi: "Malam, wane aiki kake yi da ita?" Na ce rubutu da bugawa. Ya ce, "To ba tsere za ta yi ba, bari mu gani."

Da ya buɗe murfin, ƙura ce ta yi tabarma a kan fanka, ja wur, irin ta garinmu. A nan na gane cewa abin da na ɗauka ciwon tsufa ne guda ɗaya ashe cututtuka huɗu ne, kowace da maganinta. Mutuwar azahar zafi ne, don iska ba ta ratsawa. Ya hure ƙurar, ya shafa sabon man sanyaya a kan furosesa. Kwanan wata kuwa ɗan batiri ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Nawar buɗewa daga faifan ajiya take, irin mai juyawa, wanda ya fara ƙwanƙwasa. Ya sauya shi da SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Ta huɗu ita ce ƙarancin RAM, sai ya ƙara daga giga 2 zuwa 4. Kafin duk wannan ya haska babban allon da tocila, yana duba wasu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kai. "Da waɗannan sun kumbura," in ji shi, "da na ce ka mayar da kuɗinka aljihu." Wannan maganar ce ta sa na amince da shi.

Na dawo da kwamfuta mai buɗewa kafin in gama shimfiɗa takardu, kuma rumbuna bai taɓu ba. Amma na dawo da rashi. Tsohon faifan bai yarda ya saki komai ba. Rajistar wata ƙungiyar mata da na shekara biyar ina sabuntawa ta tafi, tare da samfuran wasiƙu da dama. Ban taɓa kwafe su ko'ina ba. Na je gidan shugabar na ce, "Inna, a ara min littafinku," na yi mako biyu ina sake bugawa suna bayan suna. Amanar mutane ce na bari a kan faifai ɗaya, kuma har yau abin yana ci min tuwo a ƙwarya.

Game da Windows, mai gyaran bai ɓoye min ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, waɗanda tawa ba ta da su. Ga mai harkar banki a intanet wannan dalili ne babba. Ni ba na haɗa ta da intanet. Hatsarina filashin da abokan ciniki ke kawowa ɗauke da bairos.

Inda ƙanena ya yi gaskiya shi ne wuta. Kwamfutar tebur da allonta suna shan ninkin abin da laftof ke sha, kuma ba ta da batirin kanta: wuta na yankewa, ta faɗi a tsakiyar layi. Ina kyautata zaton irin wannan faɗuwa ce ta lalata faifan. Tun da Najeriya ta katse wutar da take turo wa Nijar a Agustan 2023 na ƙara riƙe sola da hannu biyu, amma batirina ba ya kai ta isha'i. Babu gyaran da zai canza wannan.

Saboda haka laftof na nan a lissafina, sai bazara, in gero ya yi daraja. Tsohuwar za ta zauna kusa da firinta. Yanzu na ɗaga ta daga ƙasa, ina rufe ta da zane in na tashi, kuma kowace Alhamis da yamma ina kwafe komai a filashi biyu, ɗaya a shago, ɗaya a akwatin uwargida.