"To" ɗin da kunya ta haifa



Ana saura mako uku a kama azumin bara, ɗiyar wani aminina ta yi mini sallama a gidana da ke Nima. Tana karatun kimiyyar wasanni da motsa jiki a wata jami'a, aikin kammala karatunta kuwa shi ne ta gano yadda azumi ke shafar ƙarfin samari masu buga ƙwallo. Masu sa-kai take nema, waɗanda za su yarda a auna su kafin azumi, da tsakiyarsa, da kuma bayan Sallah. Ta zo wurina ne domin na shafe shekaru ina tsayuwa a bakin filin Kawo Kuɗi, kuma babu yaron da ke taka leda a can da ba ya ce mini Kawu.

Ta zayyana mini aikin dalla-dalla. Za a auna nauyin kowane yaro, a duba launin fitsarinsa don a gane ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa, a ɗauki ɗigon jini daga yatsarsa don awon sukari. Sannan a ɗaura masa wata ɗamara a ƙirji mai ƙirga bugun zuciya, ya riƙa gudun kai-da-kawo tsakanin layi biyu masu tazarar mita 20, ƙarar na'ura tana ƙara masa sauri har ya gaza. Ta ce likitocin hukumar FIFA sun yi irin wannan bincike a Tunisiya a azumin 2006, kuma batun ya sake tasowa da gasar Olamfik ta Landan ta faɗo cikin Ramadan a 2012. Amma iskar Tunisiya daban take da zufar Ankara, kuma sahur ɗinsu ba koko da ƙosai ba ne. Na ji a raina cewa unguwar da ta fitar da Mohammed Kudus ta cancanci a san abin da jikin 'ya'yanta ke ciki.

Na san inda gizo ke saƙar. Dattawanmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, wanda iyaye suka ce ba a fayyace musu komai ba. A nan Gana ma, a 2015 sai da aka dakatar da gwajin rigakafin Ebola a Hohoe saboda ƙorafin jama'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Don haka na fara da limamin masallacinmu, ya tabbatar mini cewa ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi. Na bi iyaye gida-gida. Daga nan na tara samarin bayan La'asar, na ce musu: "Wannan 'yata ce, aikinta aikina ne. Kowa ya ba da sunansa." Suka sunkuyar da kai, suka ce to. Na rubuta suna ashirin da uku, na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Ranar sa hannu a takardar amincewa, na sa babbar riga na zauna a kujerar gaba. Yarinyar ta matso, ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, don Allah ka yi mini haƙuri, ka ɗan ba mu wuri."

"Ni zan fita, 'yata? Ai ni na kawo su."

"Shi ya sa, Baba. In kana zaune, babu wanda zai iya ce mini a'a."

Na fita raina a ɓace. Ita kuwa ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, tana karanta musu takardar da Hausa, tana gaya wa kowa cewa yana da ikon ƙi, kuma ko ya fara yana iya janyewa ba tare da ya faɗi dalili ba. Daga baya ta sanar da ni cewa wannan ƙa'ida ce da masu bincike a kan jikin ɗan Adam ke bi tun sanarwar Helsinki ta 1964. Da aka tashi, goma sha huɗu ne suka rage.

Na tambaye ta su wa suka janye, kuma don me. Ta ce wannan amana ce tsakaninta da su. Sai bayan Sallah ɗaya daga cikinsu ya same ni da kansa. Ya ce: "Kawu, ina da asma. Na ɓoye wa koci don kada ya ajiye ni. Da aka sa ni wannan gudun da azumi a bakina, ban san abin da zai faru ba, amma da kai ne a wurin, wallahi da na yi." Jikina ya yi sanyi. Yaron nan ya shirya ya jefa numfashinsa cikin haɗari don kawai kada ya kunyata ni.

Kunya ado ce a wurinmu, kuma a baƙuwar ƙasa ita ce ta riƙe mana tarbiyyar zango. Sai dai ranar na gane tana da nauyi, kuma mu manya muna iya danne yaro da ita ba tare da mun sani ba. Masu bincike za su ci gaba da zuwa unguwanninmu, kuma ya kamata su zo, domin ilimin da babu mu a cikinsa ba zai san ciwonmu ba. Aikinmu shi ne mu tambaye su abin da za su ɗauka, da inda za su kai shi, da ranar da za su dawo da sakamako. In mun gamsu, mu buɗe musu ƙofa, sannan mu koma waje mu bar yaro da bakinsa.

Yarinyar ta dawo kamar yadda ta yi alkawari, ta miƙa wa kowane ɗaya daga cikin goma sha huɗun takardar awonsa a hannu. Wannan karon tun kafin ta ɗago kai na ɗauki hulata na fita.

Allah Ya sa mu dace.